Wa Ya Rubuta Wannan? Rubutun Na'ura a Kundayen Ilimi na Intanet

A farkon 2023 wata sabuwar maƙala ta bayyana a Wikipedia ta Ingilishi. Tana magana ne a kan wani tsohon sansanin yaƙi mai suna Amberlihisar, wanda ta ce Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkiyya, Muhammadu na Biyu, ya gina a garin Trabzon da ke gaɓar Bahar Aswad a ƙarni na 15.

A ido, maƙalar ba ta da makusa. Kalmominta sun kai wajen 2,000. An raba ta sashe-sashe, daga yadda aka yi ginin zuwa yaƙe-yaƙen da aka gwabza a gindinsa da gyaran da aka yi masa daga baya. A ƙasa an jera littattafan da aka ce an dogara da su.

Ta yi kusan shekara guda a wurin kafin wasu editoci su bi diddiginta. Sai aka tarar babu sansanin, ba a taɓa gina shi ba, littattafan da aka jera ma babu su a duniya. Sarkin na gaskiya ne, garin na gaskiya ne, sauran duk ƙanzon kurege ne da manhajar ƙirƙirarriyar basira ta shirya. A ƙarshen shekarar aka goge shafin.

Wannan ya faru ne a Wikipedia ta Ingilishi, wadda ta fi kowace yawan masu sa ido, inda dubun-dubatar 'yan sa-kai ke aiki dare da rana. Wikipedia kuwa tana da rassa a harsuna sama da 300, kuma a da yawa daga cikinsu masu gyara na yau da kullum ba su wuce a ƙirga su da yatsu ba.

Abin ya shafi har wanda bai taɓa buɗe Wikipedia da kansa ba. Amsar da Google ke ɗora maka a saman shafi, bayanin da ChatGPT ke ba ɗalibi, abin da mai gabatar da shiri a rediyo ya karanto da safe, sau da yawa daga can suka samo asali.

Na'ura ta daɗe a cikin gidan

An kafa Wikipedia a Janairun 2001, kuma tun tana jaririya na'ura ta fara yi mata rubutu. A 2002 wani edita mai suna Derek Ramsey ya haɗa wata manhaja mai aiki da kanta, irin wadda ake kira bot, ya ba ta alƙaluman ƙidayar jama'ar Amurka. Cikin ɗan lokaci ta samar da maƙaloli wajen 30,000 a kan garuruwan ƙasar: yawan mutane, faɗin ƙasa, yawan gidaje. Rubutu ne busasshe, amma kowane adadi ana iya komawa takardun ƙidaya a tabbatar da shi. Daga baya mazauna garuruwan suka riƙa zuwa suna ƙara tarihi da hotuna.

Wanda ya kai abin ƙarshe shi ne Sverker Johansson, masanin kimiyya ɗan ƙasar Suwidin. Manhajarsa mai suna Lsjbot, wadda ta fara aiki gadan-gadan a wajen 2012, tana iya fitar da maƙala 10,000 a rana ɗaya. Ta fara da tsirrai da ƙwari da kifaye, sannan ta koma kan duwatsu, rafuka da ƙauyuka, tana ɗebo bayani daga rumbunan alƙaluma irin su GeoNames tana zubawa a cikin jimlolin da aka riga aka tsara mata.

Sakamakon shi ne Wikipedia ta harshen Cebuano, wanda mutum wajen miliyan 20 ke magana da shi a Filifin, ta zama ta biyu a girma a duniya. Tana da maƙaloli kimanin miliyan 6, Ingilishi kaɗai ke gabanta, mai sama da miliyan 7. Ta wuce Jamusanci, Faransanci da Larabci. Kusan dukkan maƙalolin nan babu ɗan Adam da ya rubuta su.

Johansson yana da hujjarsa, kuma ba ta banza ba ce. A ganinsa masu rubuta Wikipedia mutane ne iri ɗaya, galibi samari farar fata masu son kwamfuta, don haka abin da ke burge su ya yi yawa, sauran duniya kuma an bar ta a baya. Na'ura ba ta zaɓe. Ƙwaro a dajin Kongo da ƙauye a Sahel duk za su samu shafi.

Mutanen ƙasarsa ba su gamsu ba. Editocin Wikipedia ta Suwidin sun gano cewa kurakuran da ke cikin rumbunan bayanan sun biyo na'urar zuwa cikin maƙalolin: wuri ɗaya da shafi biyu, suna a inda ba nan yake ba. Suka dakatar da aikin, suka shafe shekaru suna goge ɗaruruwan dubban shafuka. Sun iya yin hakan ne don suna da mutanen yi. A Cebuano shafukan suna nan.

Lokacin da fassara ta zama danna maɓalli

Hanya ta biyu da rubutun na'ura ke shigowa ita ce fassara, kuma ita ce ta fi taɓa mu. Google ya saka Hausa a manhajarsa ta fassara a ƙarshen 2013. A 2015 Gidauniyar Wikimedia, mai kula da Wikipedia, ta fito da wani kayan aiki da ke ɗauko maƙala daga wani harshe, ya ajiye fassarar na'ura a gefe, ya bar wa edita ya gyara kafin ya wallafa.

Niyyar mai kyau ce. Wanda ya iya harsuna biyu, ya kuma san abin da ake magana a kai, zai gama aikin yini cikin awa ɗaya. Kayan aikin yana ma gargaɗi idan mutum bai taɓa komai ba a cikin abin da na'ura ta ba shi. Sai dai gargaɗi ba ya hana mai gaggawa. Tun 2016 editocin Ingilishi suka taƙaita amfani da fassarar na'ura a nasu ɓangaren, bayan dubban maƙaloli marasa kan gado sun cika musu gida. Harshen da na'ura ta fi ƙwarewa a kansa ke nan, shi ne ya rufe ƙofa. Ƙananan harsuna, inda fassarar ta fi rauni, ƙofarsu ta zauna a buɗe.

Duk mai karanta Hausa a intanet ya san kamannin irin wannan rubutu. Ka buɗe tarihin wata mata, 'yar siyasa ko likita. Jimlar farko ta ce an haife ta a gari kaza. Ta biyu ta ce ya yi karatu a jami'a kaza. Ta uku ta dawo da ita mace, ta huɗu ta sake mayar da ita namiji. Dalili kuwa, Ingilishi yakan ambaci minista ko malami ba tare da nuna jinsi ba, Hausa kuma tana neman a nuna shi a kusan kowace jimla, sai na'urar ta yi ta cinta.

Ka ci gaba da karatu, sai ka tarar an fassara sunan mutum ko na unguwa kamar wata kalma ce ta yau da kullum. Jimla ta miƙe ta yi layi huɗu a kan tsarin Turanci, ta ƙare ba ka san wa ya yi wa wani me ba. Rabin sakin layi an bar shi da Turancinsa. Haruffa masu lanƙwasa suna zuwa suna ɓacewa. Kowace kalma Hausa ce, amma babu Bahaushen da zai faɗi haka, kuma yaron da aka turo ya yi aikin gida da wannan shafi zai tashi bai ƙaru da komai ba.

Dole a yi adalci a nan. Wikipedia ta Hausa ta tashi daga 'yan dubban maƙaloli zuwa dubun-dubata cikin 'yan shekaru, kuma a cikin masu wannan aiki akwai matasa da ke sayen data da kuɗin aljihunsu, su raba dare suna gyara jimla bayan jimla ba tare da an biya su sisi ba. Akwai maƙaloli masu kyau da hannunsu ya fitar. Matsalar ita ce, zuba maƙala 50 na ɗanyar fassara ba ya ɗaukar lokacin da gyara guda biyar ke ɗauka. Idan kuma gasa ko taron horaswa ya auna ƙwazo da yawan shafukan da mutum ya ƙirƙira, to an riga an faɗa wa kowa abin da ake so.

Girinlan ta rufe tata

Harshen mutanen Girinlan yana da masu magana da shi kimanin 57,000. Yana da tasa Wikipedia tun farkon shekarun 2000. Da wani Bajamushe da ya koyi harshen ya karɓi ragamar kula da ita, sai ya gano cewa kusan duk abin da ke ciki mutanen da ba su jin harshen ne suka zuba shi, galibi da taimakon na'ura. Akwai kalmomin da babu su a harshen. Akwai shafin da ya ce mutum 41 ne ke zaune a ƙasar Kanada.

Ya goge mafi yawan shafukan, ya nemi 'yan ƙasa su zo a sake gini. Ba su zo ba, masu zuba fassarar na'ura kuwa ba su fasa ba. A ƙarshe shi da kansa ya nemi a rufe shafin baki ɗaya, kuma a 2025 kwamitin harsuna na Wikimedia ya amince.

Mujallar MIT Technology Review ta bi wannan labari a 2025, ta kuma zanta da 'yan sa-kai na wasu harsuna, ciki har da Fulfulde da Ibo. Masu aiki a kan harsunan Afirka huɗu sun ƙiyasta mata cewa tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na maƙalolinsu fassarar na'ura ce da ba a gyara ba. Ƙiyasi ne na masu aikin, ba ƙidaya ba, amma sun fi kowa sanin abin da suke sharewa kullum.

Ba sai da na'ura ake yin wannan ɓarna ba. A 2020 aka gano cewa wani matashi Ba'amurke da bai iya harshen Scots na Sikotland ba ya rubuta maƙaloli sama da 20,000 a Wikipedia ta harshen. Yakan ɗauko jimlar Ingilishi ya sauya wasu kalmomi da taimakon ƙamus. Da kyakkyawar niyya ya yi, tun yana yaro, kuma ya shafe shekaru yana yi ba wanda ya tanka, domin masu harshen ba sa leƙawa. Abin da na'ura ta ƙara shi ne sauri. Aikin da ya ci wa yaron nan shekaru, yau ana iya gama shi kafin la'asar.

Na'ura na koyo daga kuskurenta

Ga inda abin ya fi tayar da hankali. Manhajojin fassara da na hira suna koyon harshe ne daga tarin rubutun da aka kwaso a intanet. Ga Ingilishi, Wikipedia ɗan yanki ne na abin da ake da shi. Ga harshen da rubutunsa bai da yawa, tana iya zama ɗaya daga cikin manyan wuraren da ake ɗiba, don kyauta ce kuma a tsare take.

Saboda haka na'ura ta yi gurguwar fassara, wani ya manna ta a Wikipedia, kamfani ya kwashe ya koyar da sabuwar na'ura, sabuwar ta fito tana ganin haka ake magana. Wani bincike da aka fitar a 2024, wanda masana daga kamfanin Amazon ke ciki, ya nuna cewa kaso mai yawa na rubutun ƙananan harsuna a intanet fassarar na'ura ce. A shekarar kuma mujallar kimiyya ta Nature ta wallafa binciken da ya nuna cewa manhajar da ake ta ciyarwa da abin da manhaja ta rubuta tana lalacewa sannu a hankali.

Hausa ta fi harsuna da yawa kariya. Muna da jarida tun Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, muna da sashen Hausa na BBC tun 1957, ga Muryar Amurka, DW, RFI, Aminiya, ga dubban littattafan marubutan Kano da sauran garuruwa. Amma wannan arziki ya fi yawa a labarai, siyasa, addini da soyayya. Ka nemi bayanin yadda ƙoda ke aiki, ko dokar haya, ko cutar da ke kama wake a gona, sai ka ga rubutun ya yi ƙaranci ƙwarai. A waɗannan fannoni, gurguwar maƙala ɗaya tana iya zama kusan ita kaɗai ce Hausar da ke akwai. Ita ɗalibi zai gani, ita kuma na'ura za ta haddace.

Mai ƙirƙira daga babu

Manhajar Johansson tana da rumbun da take ɗiba, ana iya komawa can a duba. Fassarar na'ura tana da asalin da za a ajiye ta kusa da shi a gwada. Manhajojin hira irin su ChatGPT, waɗanda suka bazu tun ƙarshen 2022, al'amarinsu daban ne. Aikinsu shi ne hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wadda ta gabata. Sau da yawa hasashen yana faɗawa kan gaskiya. Idan bai faɗa ba, murya ɗaya suke magana da ita, babu in-ina, babu alamar shakka. Su ƙago sunan littafi, su ba shi marubuci, su ba shi shekara da lambar shafi.

A Nuwamban 2022 kamfanin Meta ya fito da wata manhaja mai suna Galactica, wadda aka ce za ta iya rubuta maƙalolin kimiyya irin na kundin ilimi. Kwana uku aka janye ta, bayan masana sun nuna yadda take shirya ƙarya cikin harshen malamai.

Masu bincike a Jami'ar Princeton sun duba sabbin maƙalolin da aka ƙirƙira a Wikipedia ta Ingilishi a Agustan 2024, suka ce kusan kashi 5 cikin 100 na ɗauke da alamun rubutun irin waɗannan manhajoji. Editoci sun kafa ƙungiya ta musamman don farautar su. A Agustan 2025 suka amince da dokar goge shafi nan take, ba tare da doguwar muhawara ba, idan ya fito fili cewa na'ura ce ta rubuta kuma ba wanda ya duba, misali a ga an manno har da jimlar da manhajar ke yi wa mai tambayarta magana, ko madogarar da babu ita.

Ko Gidauniyar Wikimedia kanta ta sha da ƙyar. A Yunin 2025 ta shirya gwajin ɗora taƙaitaccen bayanin da na'ura ta rubuta a saman wasu maƙaloli ga masu karatu a waya. Editoci suka yi ca, suna cewa za a zubar da amanar da aka shafe sama da shekara 20 ana tarawa. Cikin 'yan kwanaki aka dakatar da shirin.

Wasu kuwa sun bi ɗaya hanyar gaba ɗaya. A Oktoban 2025 kamfanin xAI na Elon Musk ya ƙaddamar da Grokipedia da maƙaloli sama da 800,000, waɗanda manhajarsa Grok ta samar. Musk ya ce yana son gyara son zuciyar da yake gani a Wikipedia. Masu dubawa sun tarar shafuka da yawa daga Wikipedia aka kwaso su, kuma mai karatu ba shi da ikon shiga ya gyara da hannunsa kamar yadda aka saba a can.

Masu cewa kada a zagi na'ura

Akwai masu ganin an cika kururuwa. Suna tunatarwa cewa mutane ma suna ƙarya. A 2022 aka bankaɗo wata edita a Wikipedia ta Sinanci da ta shafe shekaru tana ƙaga tarihin Rasha na tsakiyar zamani, maƙaloli sama da 200, da hannunta. Suna kuma nuna cewa na'ura ce ke gadin Wikipedia: tun 2010 wata manhaja mai suna ClueBot NG ke mayar da shafukan da 'yan ɓarna suka lalata cikin daƙiƙoƙi, wata kuma ta gyara miliyoyin madogara da adireshinsu ya mutu.

Hujjarsu mafi ƙarfi ta shafe mu ne kai tsaye. Suna cewa a harshen da babu komai, rabin bayani ya fi babu. Wa zai zauna ya rubuta maƙala miliyan ɗaya da Hausa da hannu, kuma yaushe zai gama?

Tambaya ce ta gaske, amma ban yarda da amsar ba. Shafin da babu shi yana faɗa wa mai nema gaskiya: ba a rubuta ba tukuna, nemi wani wuri. Gurɓataccen shafi yana tare wurin, yana sa a ɗauka an gama aiki. Mafi muni, wanda ya buɗe maƙala uku da Hausa ya kasa fahimta ba zai buɗe ta huɗu ba. Zai koma Turanci idan ya iya, yana mai ganin harshensa ne ya gaza, alhali aikin ne ba a yi ba.

Akwai misalin da ke nuna cewa ƙanƙanta ba hujja ba ce. Harshen Inari Sami na arewacin Finland masu magana da shi 'yan ɗaruruwa ne kawai. Suna da Wikipedia mai dubban maƙaloli, kuma tsarinsu shi ne wanda ya ƙware a harshen ya bi ta kan abin da aka rubuta. Har makarantunsu na amfani da ita.

Daga kundin ilimi zuwa allon aji

Matsalar ba ta tsaya a Wikipedia ba. Tun 2002, a wani taron UNESCO, aka fara maganar kayan karatu na kyauta da aka sakar wa kowa ya kwafa, ya gyara, ya fassara, ya raba. A 2019 ƙasashen hukumar suka amince da shawarar bunƙasa su. Jami'ar MIT ta Amurka ta zuba darussanta a intanet, shirin OpenStax na Jami'ar Rice yana fitar da littattafan karatu da masana ke tantancewa, a Najeriya ma jami'ar karatu daga gida ta NOUN tana ajiye littattafan kwasa-kwasanta a fili.

'Yancin gyarawa shi ne amfanin waɗannan kaya, kuma ta nan ruwa ke shiga. Babin da farfesoshi suka duba zai iya bi ta cikin manhajar fassara, wata ta taƙaita shi, wata ta ƙago masa tambayoyin jarrabawa, sannan ya iso wayar malamin sakandare ta WhatsApp. Tambarin jami'ar yana nan a bango. Sunan wanda ya sarrafa shi a hanya babu. Malamin da ke da ɗalibai 80 a aji, ba laburare, ba littafin jagora, ba za a zarge shi ba idan ya kwafe a allo. Daga allo kuma ya shiga littafin yara, daga nan ya zama amsar jarrabawa.

Akwai kuma makarantun da ke amfani da manhaja irin Kiwix, wadda ke sauke Wikipedia a kwamfuta don a karanta ba tare da intanet ba. Taimako ne babba ga ƙauyen da ba sabis. Sai dai kuskuren da aka sauke yana zama a wurin har ranar da aka sake saukewa, ko da an gyara shi a intanet washegari.

Buƙatar kayan karatu da Hausa ƙaruwa za ta yi. A 2025 Jamhuriyar Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Duk inda ake buƙatar littattafai da yawa cikin gaggawa da kuɗi kaɗan, za a samu mai cewa a bar wa na'ura.

Daga wa ka ji?

Al'ummarmu ba baƙuwa ba ce ga wannan tambaya. A makarantar zaure, ɗalibi ba ya ɗaukar Ahalari ko Iziyya ko Risala ya karance shi kaɗai ya ce ya sani. Yakan zauna gaban malam, ya karanto, malam ya fassara, ya gyara. Idan aka tambaye shi, zai ce a wurin wane na karanta, shi kuma a wurin wane. Malaman hadisi sun gina fanni guda a kan binciken masu ruwaya. Magana tana samun daraja ne idan akwai wanda za a kama da ita.

Ƙarfin Wikipedia, duk da kurakuranta, yana kusa da wannan. Kowane shafi yana da tarihinsa a buɗe: wa ya rubuta, yaushe, me ya sauya, wa ya musa masa. Mai karatu zai iya danna wurin ya gani. Idan maƙala mai tsawo ta sauka gaba ɗaya cikin minti ɗaya, daga hannun wanda ya zuba irinta 30 a ranar, kuma ba wanda ya sake taɓa ta, to a yi hattara. Idan an jera madogara, a buɗe ko guda ɗaya a ga ko akwai ta, kuma ko ta faɗi abin da aka jingina mata. A batun magani da hukuncin addini da shari'a, shafin intanet wurin fara tambaya ne, ba wurin yanke hukunci ba.

Wannan buɗaɗɗen tarihi ne ke ɓacewa idan amsa ta zo ta bakin manhajar hira. Gidauniyar Wikimedia ta ce a 2025 yawan mutanen da ke buɗe shafukanta ya ragu da kimanin kashi 8 cikin 100 idan aka kwatanta da shekarar da ta gabata, kuma ta danganta hakan da yadda ake samun amsa kai tsaye daga manhajoji da kafafen sada zumunta. Daga cikin masu karatu ake samun masu gyara. Idan na farko suka ragu, na biyu ma za su ragu.

Gwajin da aka saka Hausa a ciki

Akwai wata hanya da ake gwadawa, kuma Hausa na cikinta. A 2020 gidauniyar ta amince da shirin Abstract Wikipedia, wanda Denny Vrandečić, mutumin da ya assasa rumbun Wikidata a 2012, ya kawo. Tunanin shi ne a ajiye bayani a siffar da ba ta kowane harshe ba ce, sannan mutane su rubuta ƙa'idojin nahawu da za su mayar da shi jimla a kowane harshe. Ba hasashe a ciki. Kowace jimla ana iya bin ta zuwa bayanin da ta fito daga gare shi da ƙa'idar da ta gina ta, kuma idan aka gyara kuskure sau ɗaya ya gyaru a ko'ina. A 2021 aka zaɓi 'yan harsunan da za a fara mayar da hankali a kansu, ciki har da Hausa, Ibo, Bengali da Malayalam.

Aikin yana tafiyar hawainiya, kuma wasu ƙwararru da suka duba shi sun yi gargaɗin zai iya gazawa. Ko ya yi nasara, busassun jimloli zai bayar, na shekarar haihuwa da yawan jama'a. Ba zai rubuta tarihin kasuwar Kurmi ko bayanin Bayajidda yadda mai sani zai rubuta ba.

Amma yana buƙatar abin da Bahaushe kaɗai zai iya bayarwa. Sai an shigar da kalmomin Hausa ɗaya bayan ɗaya, a nuna wace ce mace wane ne namiji, yadda jam'in kowace yake, yadda aikatau ke sauyawa. Ilimin yana nan a rubuce, a ƙamusun Bargery na 1934, da na Abraham, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, da ɗaruruwan kundayen digiri da ke jibge a sassan harsuna na Kano, Zariya, Sakkwato da Yamai. Ba a kwafe ƙamus kai tsaye saboda haƙƙin mallaka, sai dai masu sani su zauna su shigar da hannu.

Sassan nan suna yaye ɗalibai kowace shekara, kowannensu da aikin bincike a wuyansa. Malami ɗaya zai iya ba ajinsa maƙaloli 20 na Wikipedia ta Hausa a fannin lafiya ko noma, kowane ɗalibi ya ajiye tasa kusa da asalinta, ya gyara, ya tabbatar da madogara, a ba shi maki a kan ingancin gyaran. Masu shirya gasa kuma za su iya ba da kyauta ga wanda ya gyara tsofaffin shafuka, ba ga wanda ya fi tara sababbi kaɗai ba. Ita ma al'ummar editocin Hausa tana da ikon neman a tsaurara iyakar ɗanyar fassarar da kayan aikin zai bari a wallafa, kamar yadda editocin wasu harsuna suka nema aka yi musu.